Mai Gadin da Ba a Yanka wa Rago Ba

Duk wanda ya taɓa zaman kallo a tsakar gidanmu na Kurudu ranar Lahadi bayan la'asar ya san doka guda: ba a kashe talabijin sai kakana ya ce a kashe. Fim ya ƙare, jarumi ya auri gimbiya, mata sun miƙe za su ɗora girki, sai ka ji sandarsa ta daki ƙasa.

"Ina za ku? Ba a gama ba!"

Abin da ba a gama ba shi ne jerin sunayen nan da ke hawa sama a baƙin allo, wanda duk mai hankali yake tsallakewa. Shi ba ya karanta boko, don haka ni ne mai karantawa, tunda sana'ata ce: ina fassara fina-finan waje a wani ɗan shago a Masaka, in ɗora muryata a kan ta Turawa. Haka zan yi ta karya harshe da sunayen mutanen da ban san ubansu ba, har mu iso wurin da yake jira.

"Tsoho, ga su nan. Mai gadi na ɗaya. Mai gadi na biyu."

"Sunansu nake tambaya."

"Ga sunan waɗanda suka fito a matsayinsu."

"Wannan sunan 'yan wasa ne, Sarkin Surutu. Shi mai gadin fa? Ba a yanka masa rago ba ne?"

Kun san dalili. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana gadin gidan wani babban mutum a cikin gari, kafin gwiwa ta ƙi, Oga ya sallame shi, ya dawo wurina da zama. Ku kanku Baba Maigadi kuke ce masa. Ni kuma Tsoho nake ce masa, don jika ne ni, ina da lasisin tsokana.

A cikin duk abin da na taɓa kawowa gida, babu wanda ya kama shi kamar wanda ya laƙaba wa Fim ɗin Tulu. Labarin wani sarkin matsafa ne da ya kulle ruwan sama a cikin tulu, ya ajiye a kan dutse, duniya ta bushe ƙamas, sai wani ɗan manomi ya tara jarumai suka tafi ƙwatowa. Kashi uku aka yi shi, kowane kashi ya kai tsawon tafiyar Masaka zuwa cikin gari ranar Litinin da safe. Tsoho ya kalli kashi na farko har ya haddace, kuma bai taɓa kallonsa ba tare da ya yi faɗa da shi ba.

Ba wai ba ya yabawa ba, a'a. Idan aka nuno duwatsun nan masu taɓa gajimare, sai ya cire hula ya ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah. Ko ƙarya ce, an iya ta." Kiɗan yaƙin ma yana sa shi gyara zama. Akwai wurin da ƙaton jarumin nan ya goya abokinsa da aka harba, ya hau dutse da shi yana haki. Wallahi na ga Tsoho yana share ido da bakin rawani. Da na leƙa fuskarsa sai ya ce hayaƙin janareta ne, alhali ranar akwai wuta.

Amma kurakurai kuwa, ya fi alƙalin wasa gani.

"Wata nawa ke nan suna tafiya?"

"Kusan shida, Tsoho."

"Wa ka ga ya ɗauki buta?"

Ko kuma dattijon nan mai farin gemu har cibiya, wanda ya san hanya sarai amma ba zai faɗa ba, sai dai ya lumshe ido ya ce su bi inuwar tauraro ta bakwai. Tsoho ya ce, "Wannan ɗan Abuja ne. Ka tambaye shi kwatance, ya ce ka miƙe kawai ba za ka ɓata ba." Shi kuma jarumi idan an soke shi, maimakon kalmar shahada sai ya kama jawabi. "Mutum da mashi a ƙirji yana lacca! Ko ɗan siyasa ai zai taƙaita."

Duk wannan wasa ne. Inda ransa yake ɓaci da gaske shi ne bakin ƙofar ganuwa. Masu gadi biyu a tsaye da mashi, ɗan manomi ya laɓe, ya jefa tsakuwa can gefe, sai su biyun su kalli juna su ruga duba tsakuwa, su bar ƙofa a wangale.

"Duka biyun? Duka biyun! Wane shashasha ne ya ɗauke su aiki? Ko akuya aka ɗaure a nan ai za ta yi kuka!"

Wata rana na ce bari in gwada shi. Yana zaune a ƙofar gida yana jan carbi da hantsi, na zagaya bayan mangwaro na wurga dutse kan kwanon rufin maƙwabta. Ƙarar ta tashi kaji, ta fito da matar gidan da muciya a hannu. Tsoho ko gira bai ɗaga ba.

"Sarkin Surutu, fito, silifas ɗinka ya leƙo. Ka je ka ba baiwar Allah haƙuri."

Sai wurin da jarumai suka kifa hulunan ƙarfen abokan gaba suka wuce ta gaban masu gadi, ba wanda ya ce musu kanzil. Nan ne yake ba da labarin da kuka ji sau ɗari. Wata rana motar Oga ta mutu a hanya, ya hawo okada da hular kwano a kansa, ya iso gida yana dukan get.

"Waye?"

"Ni ne, Maigadi, open this gate!"

"Cire hular."

"Are you mad? Ni ne na ce!"

"Ranka ya daɗe, kowa ma 'ni ne' yake cewa."

Hular ta maƙale a haɓa. Oga ya yi ta kokawa da igiya cikin rana, ɗan okada yana taya shi, Tsoho yana kallo ta 'yar taga hannu a baya. Sai da ya ga sanƙo ya zare sakata, ya rusuna ya ce, "Sannu da zuwa, Oga."

Shi dodon da ke tsaron tulun, mai fukafukai yana aman wuta, kowa tsoronsa yake ji ban da Tsoho. Abokin aiki yake ce masa. "Ku dube shi. Shekara dubu a bakin aiki, ba hutun ƙarshen mako, ba a taɓa jin ya tafi gida sallah ba." Ranar da aka kashe dodon a ƙarshen kashi na biyu, tsakar gida ta kaure da tafi, shi kuwa ya ture kwanon tuwo ya ce a ba yara. Matata Hadiza ta tambaye shi ko miyar ce ba ta yi ba. Ya ce, "Miya ta yi, 'yar nan. Rasuwa aka yi mana."

To, ga abin da ban taɓa gaya muku ba, ko da yake a gabanku aka yi. Kashi na biyun nan ni na fassara shi, kuma masu saye suna son abin dariya. Da na zo kan mai gadi na ɗaya, sai na ari muryar Tsoho, har da ɗan tarin nan da yake yi kafin magana. Na sa mai gadin ya bugi ƙirji ya ce, "Kowa ma 'ni ne' yake cewa!" Sai tsakuwa ta faɗi, ya kwasa da gudu. Kun tuna dariyar da kuka yi? Har da masu faɗowa daga benci. Ni ma ina ta washe baki, sai na waiga na ga shi kaɗai ne bai yi ba.

Da aka watse ya kira ni. Ba Sarkin Surutu ya ce ba.

"Nasiru. Muryar ta yi kama, har tarin ka iya. Amma ni ban taɓa barin ƙofa ba."

"Wasa ne fa, Tsoho."

"Na san wasa, ni na koya maka. Abu ɗaya nake roƙo. Tunda ka ba shi muryata, idan na ukun ya fito ka ba shi sunana. A ji an kira mai gadi da suna ko sau ɗaya."

Na ce an gama. Kunya ta kama ni ranar, amma ba ta daɗe ba. Kashi na uku ya fito da farkon damina, ni kuwa na ajiye shi gefe, don fina-finan soyayya sun fi tafiya a kasuwa. Kowace Lahadi sai ya ce, "Ya labarin mutumina?" In ce sati mai zuwa. Bai taɓa yi mini faɗa ba, sai dai ya gyaɗa kai. Ina cikin sati mai zuwa ciwo ya kwantar da shi, kwana tara Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar uku Oga ya zo ta'aziyya da ƙatuwar mota, kuma na yaba masa, ya zauna a tabarma kamar kowa. Da zai yi addu'a ya ɗaga hannu, ya ce, "Allah ya jiƙan…" sai ya tsaya. Ya karkato kunnena ya ce, "Sorry, menene sunan ma?" Na so in ji haushi, amma na tuna shi shekara talatin bai tambaya ba, ni kuwa na sani, an roƙe ni, ban faɗa ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Satin da ya wuce na zauna na yi aikin. A kashi na uku ma akwai ƙofa, akwai masu gadi biyu, akwai tsakuwa, don masu fim ɗin nan ba su da wata dabara. Na sa na biyun ya juyo ya ce, "Malam Zubairu, ka ji motsi?" Na ɗaya ya yi ɗan tari ya ce, "Dutse ne. Tsaya inda kake." Sai dai hoton bai san da wannan ba, ƙafafunsu na shirin gudu. Na ɗauki wurin gudun gaba ɗaya na yanke shi na zubar. Yanzu abin da za ka gani, suna tsaye ƙyam da mashinsu, sai kawai ga ɗan manomi a cikin birni.

Shekaranjiya wani mai saye ya dawo shago yana ƙorafi. "Oga Nasiru, wannan fim bai complete ba. Ta ina jarumi ya shiga?"

Na ce, "Oho masa. Ba dai ta ƙofar Malam Zubairu ba."

Lahadi mai zuwa za mu kalla a tsakar gida, kuma ba mai tashi sai sunaye sun gama hawa, don na ƙara ɗaya a ƙarshe. Allah ya jiƙan Zubairu ɗan Malam Idi, ya yafe masa, ya yafe mini jinkirina. Ya Allah, bawanka ya tsaya a ƙofar mutane rana da ruwa bai gusa ba. Idan ya iso taka, Ka sa a buɗe masa tun kafin ya ƙwanƙwasa, a kira shi da sunansa. Amin.