Sunan da Bature Ya Bari a Bakin Rijiya

Ina tsaye gaban allo da hantsi, a makarantar da nake koyarwa a Baure, wayata ta yi ƙara a aljihu. Baffa Auwalu ne, yayan mahaifina. Bai tsaya dogon gaisuwa ba. Ya ce, "Habibu, ka taho Daura. Ƙanena ya riga ni." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye alli, na hau babur. Gero ya fid da kai dama da hagu, amma ban gan shi sosai ba. Abin da ya yi ta yawo a kaina har na shiga gari shi ne sunan Baba, sunan da ban taɓa furtawa da bakina ba tunda aka haife ni.

Kafin in iso, mai sanarwa a masallacin unguwarmu ya riga ya ce Malam Auwalu mai rijiya ya rasu. Sai mutane suka riƙa zuwa ta'aziyya suna tarar da Baffa Auwalu zaune a kan tabarma da ransa. Wani dattijo daga Zango ya ja da baya har ya taka takalman jama'a. Baffa yana share hawaye yana cewa, "Ba ni ba ne, ɗaya Auwalun ne." Ko a ranar mutuwarsa ba a faɗi sunan Baba daidai ba, kuma wannan ya yi mini zafi fiye da yadda na zata.

Sunan yankansa Muhammadu. Amma sunan da ya bi shi duk rayuwarsa Ewal ne, wanda ake rubutawa Ewald. Shi ne ɗa na huɗu a gidansu, don haka bisa al'ada Rabi'u ya kamata a kira shi. Kunnen Bahaushe kuwa idan ya ji Ewal, Auwal yake ji. Sai aka wayi gari gida ɗaya da Auwalu biyu, na fari da na huɗu, mutane suna tambayar ko kakana bai iya ƙirga 'ya'yansa ba ne. Baba ya shafe shekaru yana gyarawa, ba da faɗa ba, da murmushi: "Ba Auwal ba ne, Ewal ne. Auwal yana gida, shi ne babba."

Asalin abin a bakin rijiya yake. Kakana mahaƙin rijiya ne a wani ƙauye kusa da Zango. A zamaninsa wasu Turawa suka zo aikin ruwa, cikinsu akwai wani Bajamushe dogo mai ƙarancin magana, sunansa Ewald. Wata rana gefen rijiya ya rufta da kakana a ciki, ƙasa ta binne shi har ƙirji. Ana ta salati a sama, sai Bajamushen ya ɗaura igiya a ƙugunsa ya sauka da kansa, ya tone shi da hannu. A makon nan kakata ta haihu. Kakana ya rantse cewa muddin yaron yana raye za a riƙa kiran sunan mutumin nan a ƙasar Daura. Baturen ya koma garinsu kafin ranar suna. Bai taɓa sanin an yi masa takwara ba.

Baba ya gaji sana'ar, daga haƙa ya koma gyaran famfon tuƙa-tuƙa. Babu ƙauyen da bai shiga da jakar kayan aikinsa ba, daga Baure har bakin iyaka. Halinsa guda ne a ko'ina. Ba ya barin rijiya a buɗe ya tafi sallah, sai ya rufe ta da kansa. Idan ya gama gyara, shi ne mai fara shan ruwan, ya jira ɗan lokaci, sannan ya ce mata su kawo bokitai. Yakan ce, "In akwai cuta a ciki, gara ta fara da wanda ya taɓa." Sau ɗaya ya mai da mu tafiyar rabin yini a kan babur saboda ya tuna bai gama ɗaure noti ɗaya ba. Na yi ta ƙunƙuni a bayansa. Ya ce, "Abin da ka kwance, kai za ka ɗaure, Habibu. Ba wanda zai zo bayanka."

Yana da wata ɗabi'a da nake yi wa dariya da ina yaro. Idan aiki ya ƙare, yakan jingina da bakin rijiya ya daɗe yana kallon ƙasa, inda sararin sama yake kwance a kan ruwa kamar faifai. A nan yake ba ni labarin garin Bajamushen, garin da bai taɓa gani ba ko a hoto. A cewarsa akwai sanyi, akwai koguna, kuma idan mace ta leƙo ta kira Ewal da magariba, yara goma ne za su waiwayo. "Can sunan kamar Musa yake a nan," in ji shi. Yana faɗa yana lumshe ido, sai ka rantse ya taɓa zama a can.

Amma akwai abin da ke cin sa a rai. Wani mai wa'azi ya taɓa faɗa a gabansa cewa da sunayenmu za a kira mu ranar tsayuwa, don haka mutum ya san ma'anar abin da yake amsawa. Tun daga ranar Baba bai sami natsuwa ba. Yana tsoron kada ya zama sunan gunki yake amsawa shekara da shekaru, kuma yana tsoron ya yar da shi ya karya rantsuwar mahaifinsa. Ya tambayi malamai, suka ce ba Larabci ba ne. Ya tambayi wani Inyamiri mai sayar da kayan gyara a kasuwa, ya ce ba nasu ba ne.

A daminar nan, da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya ce in duba masa a waya. Na zauna gefen tabarmarsa na bincika. Tsohon suna ne na Jamusawa, kalma biyu aka haɗa: ta farko tana nufin doka ko al'adar da aka gada, ta biyu tana nufin iko ko riƙo. Na ce, "Baba, sunan nan naka, ma'anarsa mai riƙon ƙa'ida." Ya ce, "Maimaita." Na maimaita. Ya ce, "Babu gunki?" Na ce babu. Ya ɗaga hannu ya yi hamdala, hawaye na bin gefen fuskarsa. Da na kunna masa yadda Jamusawa suke furta shi, da wani sauti tsakanin harafin ba da harafin fa, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Su ma ba su iya faɗa ba."

Sannan ya tambayi yaran nan goma. Na so in ɓoye masa, na kasa. Na gaya masa cewa can ma sunan ya tsufa, yawanci tsofaffi ne ke amsa shi, da wuya a raɗa wa jariri yanzu. Can ya ce, "To, ashe ajiya suka bar mana." Ya juyo gare ni. "In Allah ya sauki Hadiza lafiya, in namiji ne..." Bai ƙarasa ba. Hadiza matata ce, lokacin cikinta na fari ya tsufa. Na gane abin da yake roƙo. Amma na tuna yadda aka riƙa tsokanata a makaranta ana ce mini jikan Nasara, ban so ɗana ya sha irin wannan ba. Na ce, "Allah ya kai mu, Baba." Ya ce amin, bai sake tayar da maganar ba. Ina jin kunyar wannan amsa har yau.

Hadiza ta haihu kwana biyu bayan addu'ar bakwai, da safe, namiji. Gwaggona ta miƙo mini shi a zane ta ce, "Wannan kam Auwal ne na gaskiya, ɗan fari." Na karɓe shi. Ɗa ba ya kiran sunan ubansa, uba kuma yana jin nauyin sunan ɗansa na fari, ga shi duka biyun sun haɗu a kaina. Idan na yi shiru, kowa zai ce Auwal, kuma wannan karon ba mai gyarawa. Na yi masa kiran sallah a kunne, na ce Muhammadu. Sannan na sunkuya na faɗi ɗaya sunan, karo na farko a rayuwata. Ya fito mini da nauyi, amma ya fito daidai.

Ranar suna liman ya sanar, wani daga baya ya ce, "Allah ya raya Auwalu." Kafin in buɗe baki, Baffa Auwalu ya ɗaga sandarsa ya ce, "Ba Auwal ba ne, Ewal ne. Auwal ga shi zaune."

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Muhammadu, ka yafe masa kurakuransa, ka sanyaya kabarinsa kamar yadda ya shayar da ƙauyuka, ka kira shi ranar tsayuwa da sunan da ya riƙe maka da gaskiya. Ka ba Inna mahaifiyata haƙuri, ka ƙarfafi Baffa da ya binne ƙanensa, ka raya mana wannan jariri a kan ƙa'idar kakansa. Idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.