Hoton da Ya Tsaya a Allon Kawu

Kawuna direban injin ɗaga kaya ne a tashar jiragen ruwa. Tun yana saurayi yake hawa can ƙololuwar injin, cikin wani ɗan akurkin gilashi, yana ɗauko kwantena daga jirgi yana ɗora wa manyan motoci. Abokan aikinsa kan ce ko ƙwai ka rataya masa a ƙugiya zai sauke shi bai fashe ba. Shi kuwa cewa yake kujerarsa ke gaya masa komai: kafin kaya su fara lilo, ya ji abin a ƙugunsa.

Ya fara furfura lokacin da kamfanin ya sauko da direbobi ƙasa. Aka zuba su a wani ɗaki mai sanyi a benen ofis, kowa da allonsa da sandar tuƙi. Ka motsa sanda a nan, umarnin ya bi iska ya je wa injin, kyamara ta dawo maka da hoto. Matarsa ta yi murna. "Ka huta da hawan tsani, Malam," in ji ta.

Shi bai yi murna ba. Tsakanin hannunsa da ƙugiya akwai ɗan jinkiri, kamar ƙiftawar ido, kuma in aiki ya yi yawa a tashar sai jinkirin ya ƙaru. Ya taɓa yi mini bayani da kofin shayi a hannu: "Kaya sun yi hagu, ka tura dama don ka tare su. Kafin saƙonka ya isa sun riga sun juyo da kansu, sai ya zama ingiza su ka yi." Haka ya koya wa hannunsa haƙuri.

A ƙasa akwai amininsa, Mai Usur, wanda ke tsayawa yana yi wa direba alama da hannu. Kullum sai ya tsokane shi ta rediyo: "Ranka ya daɗe na ɗakin sanyi, a tuna da talakawan rana."

Wata rana da azahar, iska na kaɗawa, Kawu yana sauke kwantena. A allo ga Mai Usur tsaye, hannunsa a sama, alamar a ci gaba. Kawu ya ci gaba. Can idonsa ya kai gefen allon, ya ga wani tsuntsu a sararin sama, fukafukansa a buɗe, ba ya gaba ba ya baya. Ya saki sandar. Da hoton ya dawo, mutane na ta gudu, hular kwanon Mai Usur na gangarawa ita kaɗai. Iska ce ta kwashi kwantenar, Mai Usur kuwa ya juya ya jawo wani lebura daga ƙarƙashinta, sai ta same shi shi kansa.

Injiniyoyi suka bincika, suka ce layin hoto ne ya tsaya, na umarni kuwa yana aiki. Suka gyara, ta yadda ko wanne ya tsaya birki zai kama. Aka wanke Kawu. Matar Mai Usur ma, da ya je gaisuwa, ta ce, "Kwanansa ne ya ƙare, Malam. Kada ka ɗora wa kanka." Ya ce to.

Ya koma aiki, amma kafin ya taɓa sanda sai ya kama rediyo: "Na ƙasa, motsa in gani." Tun ana motsawa har aka fara ƙorafi. Wata rana autarsa ta kira shi ta bidiyo daga makaranta, tana cikin dariya hoton ya tsaya. Ya miƙe yana ƙwala mata kira, har matarsa ta fito daga kicin da gudu.

"Layi ne, Malam! Layi ne kawai!"

"Mai Usur ma hannunsa na sama," in ji shi.

Bayan haka ya nemi a mayar da shi ƙasa, aikin yi wa direbobi alama. Manaja ya ce mutum mai shekarunsa ba ya komawa rana. Kawu ya ce ko a ba shi, ko ya ajiye aikin. Yanzu shi ke riƙe da usur. Matasan direbobi suna masa dariya, wai ba ya iya tsayuwa wuri ɗaya: yana alama yana taku, yana jujjuya kafaɗa kamar mai jin fitsari. Bai taɓa gaya musu dalili ba.

Na taɓa tambayarsa ko yana mafarkin abin. Ya ce a'a, barcinsa lafiya lau. Da rana ne. In mutum ya zauna shiru a falo bai motsa ba, sai ya ji kamar wani abu ya riga ya same shi, labari ne bai iso ba tukuna.

Ina zaune ina sauraro, na kafa masa ido. Ya dube ni ya dube ni, sannan ya ce, "Kai, ɗan gyara zama mana."