Ranar da Na Fara Riƙe Ƙwayar Sola

Gyaɗi-Gyaɗi

Ƙarfe shida saura kwata, gari bai gama wayewa ba, na goya Amira na fito. Watanta bakwai, ban taɓa wuni babu ita ba. Ranar za a gwada hannun mata a wani wurin haɗa allon sola a Sharaɗa, wadda ta ci a koya mata aikin. Amma ba a shiga da goyo saboda hayaƙin dalma.

Tarauni

Shida da kwata mai adaidaita ya sauke mu a Babban Giji, gidan surukata. Na hau yi wa Inna, uwar mijina, bayani: kunu ƙarfe tara, kada a kwantar da ita rub da ciki.

"Ke Zulai," in ji Inna, "uban yarinyar nan wa ya raine shi? Wuce!"

Sau biyu ina dawowa daga soro. A adaidaita ta biyu ma sai da direban ya tanka.

"Hajiya, wannan waige fa? An biyo ki ne?"

"'Yata na bari."

"To ai ba za ta kamo mu da rarrafe ba."

Sharaɗa

Takwas daidai muka isa. Mai koyarwar, Madam Rifkatu, 'yar Jos, ta ba kowa safar hannu da ƙwayar sola biyu. Shuɗiya ce, ta ɗan fi tafin hannu, ba ta kai ɓawon ƙwai kauri ba. Ta ce asalinta yashi ne, a ƙasar waje ake narka shi a yanko ta. Namu mu liƙa mata siririyar waya da dalma. Wadda ta fasa biyun, sai gida.

Ina ɗaukar ta farko nono ya tsatso mini, raina ya ce Amira ce ke kuka. Ƙas! Ta rabe biyu.

Madam ta dubi gaban hijabina da ya jiƙe.

"Maijego, yaya kika riƙe kan jaririnki ran da kika fara yi masa wanka? Matsewa kika yi?"

"A'a, tallabewa."

"To tallabe ta."

Na yi bismilla na tallabi ta biyun, na ja dalmar a hankali. Da aka fita da ita rana, lambobin na'urar awo suka hau.

"Litinin ki zo da wuri," ta ce.

Komawa

Biyu da rabi na faɗa gidan Inna, ko sallama ban ƙarasa ba. Amira na cinyarta tana barci, kunu ya bushe a kumatu.

"Ta yi kuka sosai?"

"Ita? Ke ce dai idonki ya yi ja. Litinin ma ki kawo min ƙawata."

Kafin la'asar muna gida lafiya. Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Inna da Madam da alheri.