Nu'umanu da baitocin Kaka Sambo

Nu'umanu na Sanyinna manomin gero ne, amma ainihin sana'arsa tara tarkace. Ɗakinsa akwai kwabo mai huji, akwai rediyon da ya daina magana tun kafin a yaye shi, akwai fitilun da ko sauro ya raina. Ɓera ma in ya shiga sai ya nemi ɗan jagora.

Abu ɗaya ne mai daraja a ciki: littafin kakansa Malam Sambo, waƙar taurarin damina, baiti arba'in da ajami, kuma babu kwafinsa ko'ina a duniya.

Bara wani malamin jami'a a Zariya ya roƙi aron littafin. Nu'umanu, da jin an kira shi "mai adana tarihi", kansa ya ƙi shiga hula. Ya kai littafin gidan waya a Tambuwal, ya biya inshora, ya dawo yana taku ɗaiɗai. Wata uku, littafi bai isa Zariya ba, bai komo Sanyinna ba.

Da ya koma gidan waya, ma'aikaciyar wurin, Mu'minatu, ta miƙa masa fom ɗin neman diyya. "Malam, nan za ka bayyana abin da ya ɓace. Kada ka rage komai."

Kada ya rage komai! Nu'umanu ya zauna gindin darbejiya, ya matse ƙwaƙwalwa har gumi ya jiƙa fom. Baiti tara suka fito. Sauran sun bi littafin.

Dole ya hau babur zuwa Fakku, wurin Goggo Atu, autar Malam Sambo, wadda da waƙar take daka tun tana budurwa.

"Kai, ɗan nema! Littafin ubana ka bai wa akwatin ƙarfe?"

"Goggo, da inshora fa."

"Ita inshorar ta iya waƙa? Zamna, rubuta, mai hannun rariya."

Kwana biyu tana rerawa yana rubutu, tana kai masa dunguri tsakanin baiti da baiti. Inda ta manta, ta tura shi Jabo wurin Malam Tambaya, tsohon ɗalibin kakan, wanda haƙori ɗaya ya rage masa amma bai zubar da wasali ko guda ba.

Ya koma Tambuwal da takardu goma sha biyu maƙale da fom. Mu'minatu ta juya su, ta dube shi.

"Malam, layi ɗaya ake so. Tsohon littafi, guda ɗaya. Shi ke nan."

Diyyar da ta fito daga baya ta ishe shi hoton takardun kwafi ashirin da kuɗin mota. Da kansa ya kai Zariya, kwafi ɗaure a ciki kamar mai ciwon cibiya.

Sai dai da malamin ya ƙirga, baiti arba'in da uku ya samu. Ukun ƙarshe suna maganar wani jika mai hannun rariya da zai zubar da gadon gidansu a hanya. Malamin ya cire tabarau, ya ce lallai marigayin yana da hangen nesa.

Nu'umanu ya buga wa Goggo waya. Ta ce ita haka ta ji daga bakin ubanta, in yana musu ya kawo littafin a duba.