Kifin da Ya Rufe Mini Baki

Har yau in na ga kifi a kasuwa sai raina ya ɗan sosu, kuma ba laifin kifin ba ne.

Daga wani ƙauye a bayan Bungudu aka kawo ni Gusau, gidan gwaggona a Sabon Gari, don in shiga sakandare. A firamarenmu ni ce gwana, hannuna ba ya sauka, kuma da wannan rawar kai na shiga sabon aji. A sati na biyu malamin Turanci ya rubuta sunan kifi a allo, ya ce wa zai karanta. Kafin ya rufe baki na miƙe. Mu kuwa a garinmu ba ruwanmu da harafin fa, hura muke sha, tahiya muke yi. Sai na buɗe murya na ce, "Hish!"

Aji ya kece da dariya, har da masu dukan benci. Wata 'yar gayu mai zama a gaba har da share hawaye. Malam ya bari suka yi mai isarsu, sannan ya gyara tsayuwa ya ce, "Ba hish ba ne, ƙauyus. Ce pish."

Pish! Don Allah ku ji mini. Sai da na girma na gane cewa shi ma bai faɗa daidai ba, balle su. Aji guda na masu pish sun taru suna yi wa mai hish dariya. Laifi tudu ne, sun taka nasu sun hango nawa. Wannan abu har gobe yana ba ni haushi.

A ajin nan kuskure ɗaya ya ishe ka suna. Wata 'yar Tsafe ta taɓa yin suɓul da baka ta kira malam Baba, har muka gama makaranta 'Yar Baba ake ce mata. Ni kuwa na zama Hish. Da na motsa hannu sai in ji ana "hishhh" daga baya, kamar masu korar kaji. Na daina ɗagawa. Ranar da ake zaɓen waɗanda za su je gasar kacici-kacici, malamin lissafi ya yi tambayar ƙarshe, aji ya yi tsit. Na san amsar sarai, hamsin da biyar ce. To amma a Turanci harafin fa har uku ke cikinta. Na ƙirga su, na haɗiye amsata, ina kallo aka tafi da mai share hawayen nan.

Daga nan na sa wa harafin fa kahon zuƙa. A banɗaki, a hanyar ɗebo ruwa, ina ta cizon leɓe ina hura iska har bakina ya saba. Da aka yi hutu na koma gida ina ji da kaina.

Na iske Inna, mahaifiyata, da maƙwabtanta biyu a tsakar gida. Ta tare ni da murna ta ce, "Ɗiyata, zamna ki sha hura, kin sha tahiya."

Wallahi ban san lokacin da dariyar ta kuɓuce mini ba. Irin ta 'yan ajinmu ce sak, har da karkata kai. Na ce, "Inna, fura ake cewa."

Maƙwabtan suka sunkuyar da kai. Inna ta dube ni, ludayi a hannunta, ta ce, "To. Ni dai hura nika damawa tun ba a haihe ki ba."

Ta miƙo mini ƙwaryar. Har hutun ya ƙare, kullum da rana sai ta dama ta ajiye a gabana ta ce, "Ga abin shanki." Ba ta ƙara kiran hura da sunanta a gabana ba.