Jirgin da Tankari Ya Ƙera wa Tuwon Zalika

Har yau akwai masu cewa Tankari mijin-ta-ce ne, kuma abin haushin, su ne kan fara miƙa kwano in an buɗe kula. To, ga yadda abin ya faru, kowa ya ji.

Tankari mutumin Maraɗi ne. Ƙirar akwatin kwano ya gada a gidansu, irin wanda ake yi wa fenti kore da furanni. Da akwatunan China suka kashe masa kasuwa, sai ya ce bari ya je ya ga inda ake yin su. Da ya zo Guangzhou bai koma ba. Ya zama mai ɗaure wa fatake kaya a bayan manyan shagunan tufafi na titin Guangyuan. Daga baya matarsa Zalika ta biyo shi, 'yarsu Saffana kuwa tana can gida da aurenta.

Zalika ba ta iya zama haka nan ba. Ta lura mutanenmu sun gaji da shinkafar da ba gishiri, sai ta fara tuƙa tuwo. Kuka da daddawa fatake ke taho mata da su cikin jaka. Kullum da hantsi za ta rataya kuloli biyu manya, ta bi shago-shago, hawa-hawa, tana kai wa 'yan Kano da 'yan Yamai abinci har inda suke zaune suna ciniki. Ƙatti majiya ƙarfi, amma ba wanda ya taɓa cewa kawo in kama miki. Sai dai "Hajiya, ƙaro miya."

A shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik bayanta ya ƙi. Likitan da ke tsira mata allurai ya nuna kula, ya nuna bayanta, ya kaɗa kai. Ba sai an yi mata tafinta ba. Saffana ta bugo waya ta ce, "Inna, ki taho gida hakanan." Zalika kuwa ba ta son barin mijinta, ba ta son barin tukunyarta, kuma ta san in ba ta daina ɗaukar kaya ba sai dai a ɗauke ta.

Lokacin biza ta yi wuya, fatake sun ragu, aikin ɗauri ya ja baya. Alhaji Sharfaddeen, wani Bakano da Tankari ke yi wa aiki, ya ce tunda zaman banza ake, su je Shenzhen su ga wani tsohon jirgin ruwan yaƙi da aka mayar wurin kallo, irin wanda jiragen sama ke sauka a bayansa. Tankari ya dawo bakinsa bai rufu ba.

"Maman Saffana, gari guda ne bisa ruwa! Sama fili, ƙasa rumbu. Abinci, ruwa, mai, duk suna cikin cikinsa."

"To, Malam, ni mi ya shafe ni? Miƙo min man zafin can."

"Tsaya ki ji. Shi ba ya bin ƙananan jiragen yana kai musu mai. Wuri guda yake tsayawa, su zo su sauka, su sha, su tashi. Ke ce kike bin su da kula kamar kin ci bashinsu."

Zalika ta karɓi man ta shafa a bayanta. Maganar ta shige ta, amma ba ta nuna ba.

Ya fara aiki a wani lungu na sitonsu Alhaji Sharfaddeen. Katakon da ake jera kaya a kai, guntayen kwano, ƙafafun amalanken da aka yar, duk ya tattara. Zalika ta ɗauka teburi mai taya zai yi mata. Ranar da ta leƙa ta ga abu dogo ya fi gadon kwana, ga hanci, ga fili shimfiɗe a sama da fiffike ya fito gefe, ga wani ɗan bene a dama, an shafe shi duka da fenti ruwan toka.

"Malam, tuwo zan saida ko yaƙi zan tafi?"

"Buɗe nan ki gani."

Ta buɗe. Gurbin kulolin tuwo, gurbin miya, wurin yaji, ga tankin ruwa da famfo na wanke hannu. Ɗan benen kuwa na cokula ne da butar shayi. Har da kujera mai majingina ya haɗa mata a baya, daidai inda bayan ke ciwo. Ta zauna ta gwada. Ba ta ce ya yi ba. Cewa ta yi fentin kamar na asibiti.

Abokan aikinsa suka yi ta masa dariya. Wani Isma'el, ɗan Yamai mai baki kamar reza, in ya gan shi sai ya ƙame ya sara masa, "Kwamanda, yaushe za a kai wa miyar kuka hari?"

Ƙira ta ƙare, sai babbar matsalar ta fito: ina za a ajiye shi? Saboda wasannin, an hana kowane irin amalanke tsayawa a bakin titi. Wuri ɗaya ya rage, farfajiyar da ake loda kaya a bayan shagunan. Mai gadin wurin wani tsoho ne ɗan China, Liyang, wanda kalma ɗaya mutanenmu suka sani a bakinsa, "meyo", wato babu.

Ran wata Juma'a bayan an sauko, Zalika ta cika jirgin da abinci. Ta ce in an hana, a raba wa mutane sadaka, ita kuma ta fara haɗa kayanta. Tankari da Alhaji Sharfaddeen suka tura, Isma'el na gaba yana yin ƙarar jirgi da baki.

Tun daga nesa tsohon ya ɗaga hannu. "Meyo, meyo!"

Alhaji ya gwada ɗan Sinancinsa, ya kira shi lawban, wato maigida, ya yi masa sheshe, wato godiya. A banza. Zalika ta samu gefen dakali ta zauna, ta ce, "Malam, ku juya da shi."

Sai ga tsohon ya fito daga rumfarsa. Ya zagaya abin, ya ƙwanƙwasa kwanon, ya duƙa ya leƙa ƙasa, ya tsaya a kan ɗan benen ya daɗe. Ya buga ƙirjinsa, ya nuna wajen kogi, ya yi kamar yana jefa igiya, yana ta zuba Sinanci. Alhaji ya ɗan saurara ya ce, "Wai kafin ya tsufa a ƙananan jiragen nan masu jan manya zuwa gaɓa yake aiki."

Tsohon ya buga wa mai wurin waya, suka yi ta hayaniya kamar faɗa, ya kashe, ya buɗe ƙofa. Suka ɗauki turi da murna, sai ya daka musu tsawar da ta sa Isma'el ya kusa faɗuwa. Ashe da hanci suke shirin shiga, shi kuwa a wajensa wannan rashin tarbiyya ne. Ya sa suka juya shi ta baya. Ya ciro usur. In ya busa sau ɗaya a tura, sau biyu a tsaya. Fiffiken ya gogi ginshiƙin ƙofa, miya ta ɗan fantsama, Zalika ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo kukata!" Tsohon ko a jikinsa. Ya rataya tsofaffin tayoyi biyu a bango, ya sa aka matso da jirgin a hankali har ya jingina, sannan ya ɗaure shi da igiya a jikin bututun ruwa, ɗauri irin wanda Tankari da kansa ya tsuguna yana kallo.

Zalika ta hau kujerarta ta buɗe kula. Wanda ya fara miƙo kwano, ai kun san shi.

"Kwamanda bai ba da izini ba," in ji ta. "Je ka bayan layi, Isma'el."

Tun daga ranar ba ta sake rataya kula ba. Masu ci su ke saukowa, su jera kwanoni a fili, su ci, su tashi. Tsoho Liyang ya ɗanɗana miyar kuka sau ɗaya ya ce meyo, amma ƙosai ba ya wuce shi. Kowace safiya sai ya duba igiyarsa, kamar farfajiyar siminti za ta yi ambaliya.

Da Saffana ta sake kira, Zalika ta ce mata, "Ina nan, ɗiyata. Babanki ya yi min jirgi." Sannan ta juya ta ce wa Tankari, fentin nan dai a sake shi, a yi kore da furanni.