Giɓi a Goshin Hauwa'u

Ruwaida 'yar Malam Abdulbaƙi ce, mai makarantar allo a Kiyawa. Tun tana ƙarama aka san ta da naci. Idan zaren ɗinkin hula ya cukurkuɗe wa mahaifiyarta, ba a yanke shi, ita ake kira. Sai ta zauna a bakin ƙofa tana warwarewa har tuwonta ya huce. Ba ta iya hira ba, fara'arta ma ba yawa, kuma har yau ba ta canza ba. Ta yi sakandare, ta tafi jami'a a Dutse ta karanta ilmin lissafi da na maganaɗisu, ta auri wani malamin firamare. Suna zaune da 'ya'yansu biyu a wani gida mai bishiyar dabino ɗaya da ba ta taɓa yin 'ya'ya ba.

A Kiyawa cewa ake yi tana ɗaukar hoton kai, ita kuwa ba ta taɓa ɗauka ba. Aikinta a ƙarƙashin Likita Sharhabilu yake, likitan yara da ke bincike a kan masu sikila, don ciwon yakan toshe ƙananan hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa ba tare da kowa ya lura ba. Ana ɗibar yaran a bas a kai su Kano, inda na'urar MRI mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa take, wani ma'aikaci mai suna Malam Mu'az ya ɗauki hoton. Daga nan a kawo wa Ruwaida abin da na'urar ta auna, a wani ƙaramin ofis bayan ɗakin kwanciyar yara na asibitin Dutse, mai fanka ɗaya da kwamfuta ɗaya.

Mahaifinta ne kaɗai ya taɓa zaunar da ita ya ce ta yi masa bayani. Ta ce masa ƙwaƙwalwa cike take da zaruruwa masu kai saƙo, kuma ruwan da ke cikinta yana bin su ne kamar yadda ruwan sama ke bin kwarin kunya. Na'urar tana auna motsin ruwan ta fuskoki da yawa. Kwamfuta sai ta ɗora wa kowane ɗan gurbi wata siffa kamar ƙwallon dabino, bakinsa yana nuna inda ruwan ya fi tafiya. Sai a bi bakin wannan zuwa na gaba, a ja zare. Wanda ya ratsa daga kunne zuwa kunne ja ne, na goshi zuwa ƙeya kore, na sama zuwa ƙasa shuɗi. Malam ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah Ya yi albarka, bai sake tambaya ba.

Farkon zuwanta aikin ta sha wuya. Zaruruwan suka riƙa fitowa a hargitse kamar kan da aka tsefe ba a taje ba, kowane yaro haka. Ta daɗe tana tono kafin ta gano cewa abin da na'urar Kano ke kira dama, kwamfutarta hagu take ɗaukarsa. Alama ɗaya ta juya, komai ya kwanta. Tun daga nan ta riƙe abu ɗaya: in hoto ya fito da muni, aikinta za ta fara tuhuma kafin kan yaro.

Tana da wata ɗabi'a da Likita bai so ba. Takan buga wa iyaye hoton zaruruwan mai launi su tafi da shi. A ganinta mutum ya ba da ɗansa an sa a na'ura mai ƙara kamar injin niƙa, ya kamata ya koma gida da wani abu a hannu. Likita ya ce mata, "Malama Ruwaida, wannan ba sakamako ba ne. Sakamako ni nake faɗa." Ta ce ta sani, ta ci gaba da bugawa. Wasu har a bango suke liƙa shi. Wauta ce, ko da yake da kyakkyawar niyya aka yi ta.

Hauwa'u yarinya ce 'yar shekara tara daga wani ƙauye a gefen Kafin Hausa, siririya, mai rawayar ido irin na masu sikila, tana aji huɗu. Ranar da mahaifinta Malam Sale ya zo a babur karɓar magani, hoton da aka ɗauke ta a Kano bai daɗe da fitowa ba. Ruwaida ta ga koren zaren da ke saman idanu bai cika ba, amma mutumin ya zo daga nesa, kuma maƙwabtansa duk sun samu nasu. Ta miƙa masa.

Malam Sale manomi ne. Ya riƙe takardar nesa da fuska, ya bi layukan da ido kamar yana zagayen gona bayan shuka, ya ɗora yatsa.

"'Yata, nan fa?"

"Ban gama dubawa ba, Baba."

"Na ga na 'yar Sani maƙwabcina, nata a cike yake. Nan iri bai fito ba."

"Wani lokaci laifin na'ura ne."

"Na'urar da ta yi na 'yar Sani daidai?" Ya naɗe takardar a hankali ya sa a aljihu. "Dama tana yawan cewa kanta na ciwo in ta dawo daga makaranta. Ba zan matsa wa kan da ya riga ya raunana ba. Ta zauna gida wajen uwarta ta huta."

Likita ya fito ya gaya masa cewa hoton da shi yake dubawa, baƙi da fari, bai nuna wani tabo ba. Malam Sale ya yi godiya sosai, ya hau babur. Maganar likita da kunne ya ji ta, giɓin kuwa da idonsa ya gani. Mako bai zagayo ba labari ya zo cewa Hauwa'u ta daina zuwa makaranta.

Likita bai yi faɗa ba. Ya leƙo ofis ya ce, "Takardarki ce ta cire ta. Ki nemo wadda za ta mayar da ita."

Ruwaida ta koma kan kwamfuta. Ta fara da tsohon abokin gabarta, hagu da dama, ta tarar lafiya lau. Ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ko yarinyar ta motsa kai, ta ga Hauwa'u ta kwanta kamar an dasa ta. Ta duba iyakar da kwamfuta ke shatawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙashi, ko ta yanke goshin da yawa. Ta faɗaɗa ta, giɓin bai tafi ba. Ta sassauta ƙa'idar da ke tsayar da zare in alama ta yi rauni, sai zaruruwan ƙarya suka tsiro ko'ina har cikin ido, ta mayar da ita yadda take. Da ta buɗe ɗanyen hoton, kafin a ja kowane zare, ta ga wurin ya yi duhu ya lanƙwashe, kamar an danna yatsa a ɗanyen kwaɓi. Ciwo ba ya yin haka. Ƙarfe ne ke yin haka.

Ta kira Malam Mu'az a waya.

"Ƙarfe? Malama, ko allurar ɗankwali ba ta wuce ni. 'Yan kunne, awarwaro, laya mai ƙarfe, duk a waje ake barinsu. Ko dai kwamfutarku ta Dutse ce ta gaji?"

"Kwamfutata ƙalau take."

"Haka kowa ke cewa game da tasa."

Ta jero hotunan sauran yaran. Ashe ba Hauwa'u kaɗai ba ce. Wasu ma suna da duhun, kaɗan dai, bai kai nata ba, kuma kusan duk mata ne. Sikila kuwa ba ta zaɓar mace. Ta juya abin a ranta har ta gaji, sannan ta ce wa Likita tafiya ta gaba ita ma za ta bi bas ɗin, kuma a roƙi Malam Sale ya bar yarinyar ta sake zuwa. Ya yarda, don ya ce ba ya musu da masu magani, karatu ne dai ya hana.

Ruwaida ba ta taɓa ganin tashin bas ɗin ba. Da hantsi ta iso harabar asibiti ta tarar da iyaye mata zaune a inuwar darbejiya, kowace da 'yarta a gaba. Ma'aikaciyar jinya tana zagayawa tana cewa a cire 'yan kunne, a cire sarƙa, a cire awarwaro. Suna cirewa suna ƙullewa a bakin zane. Adama, mahaifiyar Hauwa'u, mace mai jiki da murya, ta gama cire wa 'yarta komai, ta kalle ta, ta yi tsaki. Sai ta zaro wani ɗan gwangwani daga jaka, ta kama haɓar yarinyar, ta rambaɗa mata kwalli sama da ƙasa, ta ja shi har gefen ido, ta ƙara a gira. Ta kusa da ita ta miƙo hannu, gwangwanin ya zagaya.

Ruwaida ta tsaya tana kallo. Ita ma da kwalli a idonta, ta sa shi da safen nan kamar kullum. Tambayar da ake yi wa iyaye ita ce ko akwai ƙarfe a jikin yaro, kuma babu macen da za ta kira kwalli ƙarfe.

Ta durƙusa ta gaishe da Adama. "Yaya, wancan zuwan ma kin sa mata?"

"Har fiye da haka. Kun tuɓe wa yarinya kunne da wuya, sannan in kai ta Kano fuska fayau kamar mai takaba? A ce ba ta da uwa?"

"Ara mini gwangwanin."

"Naki bai ishe ki ba? Ga shi nan har ya yi miki yawa a hagu."

Matan suka yi dariya. Ruwaida ta zazzaga kaɗan a takarda, ta ciro ɗan maganaɗisun da ke maƙale a jikin makullanta, ta kusantar. Garin ya miƙe tsaye ya manne. Ba kwallin dutse ba ne irin na da, sabon nan ne na kasuwa mai baƙi ƙirin, wanda ba ya gogewa da wuri.

Adama ta leƙa. "To, sai me?"

"Na'urar can maganaɗisu ce babba. Wannan ne ya rufe mata ido a goshin Hauwa'u. Ina jin kanta lafiya yake, amma sai an sake ɗauka zan tabbatar."

"Kina ji ne, ko kin sani?"

"Ina ji."

"To ni ma ina jin ba zan wanke ba."

Aka yi ta ja. A ƙarshe aka shirya a kan cewa yara za su shiga Kano da kwallinsu, a wanke a ƙofar ɗakin na'ura, in an fito a mayar. Adama ta ƙara sharaɗi, wai Ruwaida ma ta wanke nata, don ba za a bar 'yarta ita kaɗai da ido kamar na mara lafiya ba. Ruwaida ta ce ai mara lafiyar ce. Adama ta ce wannan ba hujja ba ce.

A Kano an sha sabulu. Kwallin ya yi taurin kai, Hauwa'u ta yi hawaye, ba na kuka ba, na kumfa. Malam Mu'az ya ga yadda kwallin ke manne wa maganaɗisu, ya shafa gemu ya ce shi shekara da shekaru yana duba kunne da wuya da gashi, bai taɓa kallon idon 'yar mutane ba, kuma ba a yi masa tarbiyyar hakan ba. Ya ɗauki hoton.

Washegari Ruwaida ta sa kwamfuta aiki, ba ta taɓa ko ƙa'ida ɗaya ba, don kada a ce ita ta cike giɓin da hannunta. Koren zaren ya fito har goshi, dama da hagu. Ta kai wa Likita, ya duba tare da nasa hoton, ya ce, "Wannan karon tare za mu ba shi, ni ina magana ke kina riƙe da takarda."

Malam Sale ya zo ranar karɓar magani. Ya ciro tsohuwar takardar daga aljihu, duk ta yi laushi, ya jera ta da sabuwar a kan benci. Ya daɗe yana kallo.

"Wato ya tsiro."

"Dama yana nan, Baba. Kwalli ne ya tare."

"Kwallin uwarta." Ya gyaɗa kai. "Zan gaya mata."

"Ta riga ta sani. Ta ce laifin na'ura ne da ba ta son ado."

Ya yi murmushi kaɗan. Ya tambayi ciwon kan fa. Likita ya ce sikila tana nan, ba ta tafi ko'ina ba. Ta riƙa shan ruwa da yawa, kada ta yi tafiyar makaranta cikin tsakar rana ba lema, a kawo ta duk lokacin da aka sa. Karatu kuwa ba ya cinye ƙwaƙwalwa. Malam Sale ya naɗe sabuwar takardar ya sa a aljihu, ya tura wa Ruwaida tsohuwar.

"Riƙe wannan, 'yata. Taki ce."

Tana nan a ofishinta har yanzu, a liƙe a bango kusa da fanka. Ba ta daina buga wa iyaye hoto ba, sai dai babu wanda ke fita sai ta bi ɗanyensa tukuna, kuma sai Likita na tsaye. An ƙara sabulu da ɗan tawul a kayan tafiya Kano. Matan ba su daina rambaɗa kwalli a gindin darbejiya ba, ba wanda ya isa ya hana su, kuma Ruwaida ba ta gwada ba.

Hauwa'u ta koma makaranta ranar wata Litinin, da baƙar lemar mahaifinta da gorar ruwa. Ta tarar an wuce ta a lissafi, ta sha bulala biyu a kan jadawalin bakwai kafin ta kamo. Yanzu tana aji shida. Takan kwanta ciwo lokacin sanyi, ta tashi ta koma.